Digiri na Biyu a Siyasar Tattalin Arziki, Tsara Manufofi ko Adalcin Zamantakewa: Wanne Ya Dace da Kai?

Wanda ke son fahimtar yadda ake rabon mulki da dukiya a tsakanin jama'a yakan tarar da kwasa-kwasai uku idan ya tashi neman digiri na biyu: siyasar tattalin arziki, tsara manufofin gwamnati, da karatun adalcin zamantakewa da haƙƙin ɗan Adam. A takardun talla kamanninsu ɗaya, kowace makaranta tana alkawarin koya maka gyaran al'umma. Bambancin yana cikin jerin darussan dole, kuma shi ya kamata ka fara karantawa tun kafin sunan jami'a ya ɗauke maka hankali.

Siyasar tattalin arziki tana tambaya ne: me ya sa abu ya zama haka, wa ya ci riba, wa aka bari da asara? Sai dai a kula, mazhaba biyu ce ke amsa wannan suna. Ɗaya ta dogara da lissafi da ƙididdiga, irin aikin Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2024 kan yadda hukumomi da dokokin ƙasa ke jawo wadata ko talauci. Ɗayar ta fi karkata ga tarihi, rikicin masu hannu da shuni da ma'aikata, da sukar jari-hujja. Da wannan aka san jami'o'in SOAS ta Landan da New School ta New York. Wanda ya faɗa ta farko da raunin lissafi zai ji jiki tun zangon farko. Ko wacce ka bi, kwas ne na mai haƙurin karatu, wanda ke hangen digiri na uku ko aikin bincike.

Tsara manufofi, wato digirin da ake kira MPP, na mai son shiga ofis ne. Shekara biyu ake yi a Makarantar Kennedy ta Harvard, shekara ɗaya a Makarantar Blavatnik ta Oxford. Ga irin aikin: a ba ka shawarar ƙara harajin taba, a ce ka rubuta wa minista shafi biyu kacal, ka nuna kuɗin da za a tara, mutanen da za su rage sha, da nauyin da zai hau kan gidajen talakawa, sannan ka ce a yi ko a bari. Wannan horo yana da amfani ƙwarai, kuma masu ɗaukar aiki sun san darajarsa. Rauninsa shi ne yakan karɓi tsarin da ya tarar, ya tsaya kan gyaran gefe ba tare da ya tambayi wanda ya kafa dokar tun asali ba.

Na ukun shi ya fi jan zuciyar matasa masu kishi, kuma shi na fi so mutum ya bincika da kyau. Akwai wuraren da suka yi fice, kamar cibiyar nazarin zamantakewa ta ISS da ke birnin Hague a Holan, wadda aka kafa a 1952. A can ana koyon dokokin haƙƙi, hira da waɗanda abin ya shafa, da dabarun haɗa kan jama'a, abubuwan da sauran biyun kan yi wa riƙon sakainar kashi. Amma wasu makarantun sukan bar ɗalibi ya gama bai taɓa darasin ƙididdiga ko ɗaya ba. Ranar da ya zauna da jami'an ma'aikatar kuɗi suka buɗe masa kasafi, suka ce ya nuna inda za a ciro kuɗin asibitin da yake nema, sai magana ta ƙare. Mutanen da yake wakilta ne ke kwana a ciki. Idan wannan kwas ka zaɓa, tabbatar ana barin ɗalibi ya ɗauki darasin ƙididdiga da na kasafin kuɗi daga wani sashe.

Tallafin karatu ma yana rage zaɓi. Chevening ta gwamnatin Birtaniya digirin shekara ɗaya take biya, tana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, kuma da sharaɗin ka koma ƙasarka na shekara biyu bayan kammalawa. Kwas na shekara biyu ya fi cin kuɗi, amma yakan ba da damar aikin sanin makama a hutun tsakiya, abin da ke taimakon wanda bai taɓa aiki a fagen ba.

Kafin ka cike fom, duba ko kundin bincike ake rubutawa a ƙarshe ko aikin rukuni, domin mai son digiri na uku kundi yake buƙata. Nemi sunan malamin da zai iya duba aikinka, ka karanta abin da ya wallafa kwanan nan, ka rubuta masa ka tambaya ko zai koyar a shekarar da za ka shiga.