Famfon tifa da famfon katafila: kulawarsu ba ɗaya ba ce

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe da tifa, famfon haidirolik ɗinta bai taɓa wahalar da kai ba, yanzu ka sayi katafilar haƙa, ko ka riƙe ta yadda ka saba? A'a, kada ka soma.

Famfon tifa galibi mai haƙora ne, giya biyu suna cizon juna suna tura mai. Jaki ne, yakan sha ɗan datti ya ci gaba da aiki. Abin da ke kashe shi sananne ne: mai ya yi ƙasa a tanki, ko direba ya juye yashi ya manta bai cire PTO ba, wato giyar da ke ɗauko ƙarfin injin mota ta juya famfon, ya hau titi. In ya mutu a kwance shi a ɗaura sabo, kuɗinsa da sauƙi.

Na katafila fa mai fistin ne, matsinsa yakan kai bar 350, kuma tazarar da ke tsakanin fistin da raminsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ƙurar hunturun da ido ba ya gani ita ke cinye shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya ɗauko jarkar da aka zuba baƙin mai jiya, da mazurari mai ƙasa, zai ƙara mai. A tifa wataƙila ka sha da haka. A katafila ka haƙa wa aljihunka rami. A goge bakin tanki kafin a buɗe, a tace man ko da sabo ne, a sauya filta bisa awoyin da littafin injin ya faɗa, ba sai ta toshe ba. In an cire tsohuwar filtar a yanka ta a duba a rana: ƙyalƙyalin tagulla na nufin takalman fistin, wato 'yan faifan da ke ƙarshen kowane fistin da yake zamewa a kansu, sun fara ci.

Akwai alamun da duka biyun suka yi tarayya. Ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, famfo ba ya samun isasshen mai ke nan, duba rariyar tanki da tiyon da ke jawo mai. Kumfa, iska ce ke shiga, sau da yawa daga maɗaurin tiyo da ya saki. Mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga. Zafin mai kuma in ya haura digiri 80 yana ƙona sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, don haka a riƙa hure ƙurar da ke toshe abin sanyaya mai. Batun mai lamba 46 ko 68, na 68 ya fi kauri, amma bi abin da kamfanin ya rubuta, ba abin da ke kusa a shago ba.

Abu ɗaya da tifa ba ta koya maka ba: duk ranar da aka ɗaura famfon fistin, sabo ko gyararre, sai an cika cikinsa da mai ta ramin sama kafin a tada injin. In ya juya a bushe, 'yan mintoci sun isa su lalata shi. Ka tsaya a kan bakaniken har ya cika shi a gabanka.