Gargaɗi ga masu neman kat-kat ta shiga daji: ku yi hankali da mutumin nan na Facebook

Salamu alaikum jama'ar Tawa, don Allah ku tura ma ƴan uwa wanga saƙo, musamman masu aiki arewa, likitocin dabbobi da masu ginan rijiya da duk wanda ke son ɗora ɗakin kwana a bayan mota don tahiyar Abalak, Cintabaradan har Tasara. Akwai wani da ke saka hotunan Hilux dubul kabin a Facebook shina cewa wai "an ƙara mata ƙarhi, tana ɗaukar tan 2", in ka kira shi sai ya ce motar na hanya daga Lome ka aiko avans a hiddo ta duwan. Wasu avans ɗin ne ya tahi kenan, lambar ta mutu. Waɗanda sunka samu motar kuwa nasu ya hi muni wallahi.

Ƙanen wani abokin aikina na cikinsu. Ya ɗora ɗakin, ya cika ruwa da gazuwal, bai ko kai Abalak ba motar ta lanƙwashe tsakanin kabin da bodi, da makanike ya shiga ƙarƙashi ya kankare baƙin fenti sai ga tsohuwar walda a shasi gehe biyu, ashe ta taɓa karyewa anka ɗinke anka shahe. Ƙarhin da yake ta hwaɗi kuwa lam ne kawai, wato ƙarhen nan mai lanƙwasa da ke tallabe mota bisa tayu, sunka ƙara a baya don ta tsaya tsaye ta yi kyau a hoto.

Ku gane wani abu, ƙara lam ba ya ƙara nauyin da mota ke iya ɗauka. Shasi ɗin shi ne dai, birki shi ne, pon na baya (wanda ke kai ƙarhin inji ga tayu) shi ne. Hilux abin da take ɗauka wajen tan 1 ne, kuma cikin tan ɗin nan har da kai direba da mutanen da ka ɗauko. To yi lissahi da kanka, tano guda na ruwa lita 200 kilo 200 ne cif, ga bidunan gazuwal, ga taya biyu na ajiya tunda ba mai shiga Azawak da guda, ga buhun shinkafa ga mutum huɗu, ina wurin ɗakin kuma? Sannan dubul kabin bodinta gajere ne, nauyin ɗakin sai ya koma bayan tayun baya, hanya mai gargada na girgiza shi sama da ƙasa har ƙarhen ya gaji ya tsage. Shi ya sa masu shiga daji da kaya sunka hi son kabin guda, ko Land Cruiser 79 mai injin 1HZ wadda makanikanmu sunka sani ciki da waje, ita ma ɗin tana da iyaka, ba raƙumi ba ce.

Kar ka aika ko dala sai ka ga mota da idonka. Ka je da makaniken ka, ba nashi ba, a hau da ita rami a haska shasi da tocila, duk inda ka ga sabon fenti ko kwalta mai kauri a kankare. Lambar shasi yawanci haruffa da lambobi 17 ce, a gwada ta da ta kart giriz da takardun duwan ɗaya bayan ɗaya, in akwai alamar an goge an sake bugawa ka bar ta nan. Nauyin da anka yarda mata shina rubuce a takarda da jikin mota, shi za ka bi. Kuma leƙa gaba ka tabbata akwai pon, don har mai jan baya kawai ana manna ma takardar 4x4.

Wanda ya riga ya tura mishi kuɗi ya adana rasit da hirar WhatsApp ya kai kwamisariya ko jandarma, kar kunya ta hana, ƙanen abokin aikin nawa shi ma gobe in sha Allah za mu raka shi.