Hattara da masu tallan yawon Rumsiki da fadar Rai Buba a motar dare

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Ngaundere da duk inda wannan saƙo ya kai. Wata biyu ke nan ina haɗiye wannan magana saboda kunya. Abin da ya sa na fasa yin shiru shi ne, shekaranjiya ƙanwar maiɗakina ta turo mini wata talla daga Marwa tana tambaya, "Yaya, ka san mutanen nan? Ina so in biya wa Inna." Ina buɗewa na ga farar motar nan mai zanen shuɗi, da hoton ginin nan, da muryar mutumin nan. Sunan shafin kaɗai aka sauya. Wato bai ma damu ya nemi sabon hoto ba.

Ga yadda tallar take, don ku gane ta in ta zo muku. Yawon buɗe ido na kwana uku a babbar kar, wato motar bas, mai sanyi, da ɗan jagora mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci. A tashi daga Garwa ranar Juma'a ƙarfe 10 na dare, a yi asuba a Rumsiki a ga fitowar rana a kan duwatsun Kapsiki. Daren Asabar a kama hanya, a wayi gari a fadar Lamidon Rai Buba. Daga nan a wuce Ngaundere a ga fadar Lamido da tafkin Tison, Litinin da asuba kowa na ƙofar gidansa. Mota, abinci, masauki, duka a kan sefa 35,000. Kuma wanda ya kawo mutum biyar, shi kujerarsa kyauta ce.

Wannan kyautar ita ta kashe ni, ba zan ɓoye ba.

Na fara ganin abin a Facebook, na danna, aka jefa ni cikin wani zaure na WhatsApp mai mutum sama da sittin. Zauren kullum a cike yake da hayaniya. Wannan ya ɗora hoton shaidar biyan kuɗi, waccan ta ce ta je da su bara har yanzu tana mafarkin wurin, wani ya roƙi a ajiye masa kujera biyu kusa da taga. Kowace safiya mutumin zai saki murya, ya fara da salati, ya gaishe da iyaye, ya ce saura kujera goma sha ɗaya, gobe ya ce saura bakwai. Da na ce ina so in gan shi ido da ido bai yi gardama ba. Ya kwatanta mini wani ɗan shago, na je na tarar da tebur, kujeru biyu, fanka, da taswirar Kamaru manne a bango. Ya ba ni ruwan sanyi, ya kira ni Alhaji alhali ko Njamena ban taɓa zuwa ba balle Makka, ya rubuta mini rasit har da hatimi. Daga baya mai shagon ya gaya mana kuɗin wata ɗaya tak aka ba shi. Su kuwa masu ɗora shaidar biya a zaure, ko ɗaya daga cikinsu ba mu gani ba daren tafiya.

Na kawo masa mutum biyar: maiɗakina, da Goggo ƙanwar mahaifina, da maƙwabcina tela da matarsa, da yaron shagona wanda ya yi wata huɗu yana tara kuɗin. Aka fara da kafin alƙalami jaka 15, wato sefa 15,000. Saura mako ɗaya aka ce a cika jaka 20. Saura kwana uku sai ga murya da daddare, wai hukuma ta ce dole sai da rakiyar sojoji saboda yanayin tsaro a wajen Mokolo, kowa ya ƙara jaka 5. Wa zai yi musu da wannan? Duk wanda ke arewa ya san abin da yankin duwatsun Mandara ya gani a hannun Boko Haram, kuma tun da aka sace iyalin nan Faransawa kusa da Waza a 2013 harkar baƙi ta durƙushe a can. Sai ma muka ji mutumin ya ƙara kima a idonmu, muka ce ga mai tsari. Kowa jaka 40, mutum biyar jaka 200. Sau uku muka tura kuɗi ta waya, sau uku lambar daban, kuma sunan da ke fitowa kafin ka tabbatar daban. Na lura, na tambaya, ya ce ɗaya ta akawunsa ce, ɗaya ta matarsa, ɗaya ta mai motar. Na yarda saboda ina son in yarda.

Ana gobe tafiya na je gaida wani dattijo a unguwarmu, tsohon direba ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar auduga tsakanin Gider, Kaele da Garwa. Cikin alfahari na miƙa masa wayata. Ya sa tabarau, ya sa na karanta masa tsarin tafiyar sau biyu, sannan ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Ɗana, wanda ya rubuta wannan ya taɓa fita daga Garwa kuwa?"

Na ce, "Baba, ai kamfani ne."

Ya ce, "To kamfanin fiffike gare shi?" Sai ya shiga zana mini hanya da yatsa a ƙasa. Daga Garwa zuwa Marwa ya haura kilomita 200, ta Pitowa da Figil. Daga wajen Marwa zuwa Mokolo kimanin 80. Daga Mokolo zuwa Rumsiki kimanin 50, kuma a nan ne maganar take, don hanya ce ta dutse da kwazazzabo wadda ƙananan motoci masu ƙarfi da babura ke lallaɓawa da rana tsaka. "Wace kar mai kujera saba'in ce za ta hau wurin nan cikin dare, a bakin iyakar Najeriya, ta wuce shingayen jandarma kamar ba kowa? Kuma Rumsiki tana arewa, Rai Buba tana kudu maso gabas, can Mayo Rai. Sai ka sauko duk abin da ka hau, ka sake ratsa Garwa, ka haye Binuwai, sannan ka karkata ta Cholire. Daga nan wai Ngaundere, wadda ita kanta kusan kilomita 280 ce daga nan, ga hawan dutsen nan da ke cinye manyan motoci kafin ka shiga gari. A dare uku? Da tsofaffi a ciki?"

Sannan ya ɗauki wayar ya ƙura wa hoton fadar ido, ya yi dariyar da har yau nake jin ta. Ginin da ke jikin tallar bene ne na jan bulo mai bakuna masu lanƙwasa. Ya ce wannan ai fadar Fumban ce ta ƙasar Bamun, can yamma, wadda Sarki Njoya ya gina, aka gama ta a 1917. Fadar Rai Buba katanga ce ta ƙasa, doguwa, mai kauri, ta masarautar da Buba Njidda ya kafa tun farkon ƙarni na 19. Kuma ba wuri ne da ake sauke mota guda ta baƙi su kutsa suna ɗaukar hoto ba. Akwai dogarai a ƙofa, akwai neman iso, akwai cire takalmi. Ya ce, "Ko ɗan sarki ba ya shiga yadda mutumin nan ya rubuta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba wani sabon abu Baba ya gaya mini ba. Ni ma na sha bin hanyar Marwa, na san Figil, na san inda ake karkata zuwa Mokolo. Da na zauna minti biyar na haɗa lissafin da kaina, da na gane. Mutumin bai ɓoye ƙaryarsa ba, a rubuce take ɓaro-ɓaro cikin tallar, idona ne ya tsaya a kan kujerar kyauta.

Na fito daga gidan Baba na kira shi nan take. Ya ɗauka, ya saurare ni, ya yi 'yar dariya ya ce tsofaffin direbobi ba su san an gyara hanyoyi ba, hoton kuma kuskuren yaron da ya haɗa tallar ne. Ya rantse. Ya ce in na fasa zai mayar mini da kuɗina ranar Litinin, amma in tuna Goggo ta sa rai. Na yi shiru ban gaya wa kowa ba. Wannan shirun nawa ne, ba nasa ba.

Daren Juma'a muka hallara inda aka ce, gefen wani gidan mai a bakin hanyar Marwa. Mu ashirin da uku na ƙirga. An gaya mana Rumsiki akwai sanyi, don haka kowa ya zo da bargo da hular sanyi, a Garwa, garin da ko cikin hunturu rana ke gasa mutum. Goggo ta zo da butar shayi, da dambun nama cikin roba, da sabuwar darduma, ta zauna a kan jakarta tana jan carbi. Shekararta sittin da wani abu, kuma tun tana yarinya take jin labarin duwatsun nan masu tsini kamar an kafa su da hannu, da tsohon da ke duba da ƙaguwa. Ta ce ita ba ruwanta da duba, dutsen take son gani. Ƙarfe 10 ya turo murya, mota na shan mai. Ƙarfe 11, direba ya tsaya sallah. Duk motar da ta hasko fitila sai yara su miƙe su ɗauki jaka. Sha biyu saura aka rufe zauren ta yadda shi kaɗai ke iya magana. Sha biyu da rabi na ga an rubuta an cire ni. Na ɗaga kai na ga wayoyi suna haske ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon tasa. Lambobi ukun duka a kashe.

Mai shayin wurin, da ya daɗe yana kallonmu, ya ce, "Ku ma masu zuwa yawo ne? Kwanakin baya wasu sun kwana nan da jakunkuna, su Waza aka ce za a kai su."

Goggo ba ta ce mini komai ba. Ta buɗe robar dambun ta bi mutane tana rabawa, ta ce kar ya lalace. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka kai ƙara wajen jandarma, mu tara, da rasit da lambobin da muryoyin da wasu suka yi dabarar ajiyewa. Sun karɓa sun rubuta. Zamba laifi ce da sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadar wa ɗaurin shekara 5 zuwa 10, amma sai an kama mutum tukuna, kuma irin waɗannan da katin shaidar wasu suke rajistar layukansu. Sauran mutum goma sha huɗun ba su zo ba, kunya ta hana su, kuma da wannan kunyar yake cin kasuwarsa. Bayan mako guda wani ya kira tela maƙwabcina, ya ce shi jami'i ne, an kama ɓarawon, a turo jaka 10 na buɗe takarda a karɓi kuɗi. Tela ya ce masa ga shi nan zuwa ofis da ƙafarsa. Aka kashe waya.

Ban ce kar kowa ya je yawo ba, kuma akwai masu wannan sana'a na gaskiya da ɓarayin nan ke ɓata wa suna. Mai shirya irin wannan tafiya da izinin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido yake aiki, kuma ma'aikatar tana da ofishinta na yanki a Garwa da Marwa da Ngaundere. Ka ce ya nuna maka takardar, ka taka ka tambaya. Ka ce ya faɗi kamfanin da ya ba shi hayar motar, ka je tashar ka ji daga bakinsu, don tsayawa gaban kar a ɗauki bidiyo ko ni zan iya. Ka ce ya faɗi masaukin da za a kwana ka kira su. In lambar karɓar kuɗi ta sauya ko sau ɗaya, ka tsaya. Kafin duk wannan ma, ka kai tsarin tafiyar wajen direban da ya san hanya, tun kuɗinka na aljihunka, ba kamar ni da na je ana gobe ba.

Tallar da ta isa Marwa yanzu ta ƙara kitse. Ban da Rumsiki, har da wai duwatsun Enedi na Cadi a ƙarshen mako. Enedi tana can arewa maso gabashin Cadi cikin Sahara, tafiyar kwanaki ce daga Njamena a motocin da ke iya yashi, kar ba ta zuwa. 'Yan uwanmu na Kuseri da Njamena, ina jin ku ya nufa. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi, kar ya goge komai, ya adana muryoyin da lambobin ya kai wa jandarma ko 'yan sanda mafi kusa, ya kuma gaya wa waɗanda ya jawo tun yau.

Ni dai na ɗauki kuɗin mutum huɗun nan a wuyana, ina biya jaka 20 duk wata. Na fara da yaron shagona. Da na kai wa Goggo nata ta ƙi karɓa, ta ce in riƙe, in rani ya yi in nemi ƙaramar mota da direban da Baba ya yarda da shi, mu tafi da rana, mu kwana Mokolo. Bargon da hular suna nan cikin jakar, ta hana a kwance.