Kwana uku a Marfa, ga yadda masaukin ya kasance

Jama'a, dogon hutun ƙarshen mako ne ya samu, ni da maigidana muka ce bari mu leƙa Marfa, ɗan ƙaramin gari a hamadar yammacin Texas a Amurka, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Daga El Paso kusan awa 3 ce a mota, fili fetal, ku cika tanki kafin ku kama hanya.

Masaukin da muka kama tsaf-tsaf yake, gado mai laushi, da daddare in ka fito tsakar gida taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko, wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗin. Sai dai intanet ɗinsu sai a hankali, ruwan zafi ma sai da muka yi magana sau biyu. Sanyin dare kuma, hmm, ku taho da rigar sanyi.

Gidan baje kolin kayan fasaha na Chinati ne ya fi burge ni, tsohon barikin soja ne da mai fasahar nan Donald Judd ya zuba akwatunan alminiyam guda 100 cikin manyan gine-gine biyu, da farko na ce to wannan kuma mene ne abin kallo, amma da rana ta juya haske ya bugi kowanne daban sai na yi tsit. Prada Marfa kuwa, wani aikin fasaha ne a bakin hanya can wajen gari, kamar shago ne amma ƙofar ba ta buɗuwa, hoto kawai.

Fitilun Marfa da ake ta zuzutawa, wato wani haske mai ban mamaki da ake cewa yana bayyana can nesa a hamada da daddare, awa guda muka zauna, ni dai fitilar motoci na gani. Na ba masaukin 4 cikin 5.