Plössl ko mai digiri 66: wanne ya fi don kallon Jupita da Zuhal?

Ɗan'uwa, ka ce madubin hangen nesanka mai faɗin milimita 130 ne, tsawon zangon haskensa (nisan da yake tattara haske wuri guda) milimita 650, kuma kana neman gilashin leƙawa na milimita 6 mai sauƙin kuɗi: Plössl, ko irin masu zoben zinariya ɗin nan masu fili (faɗin da'irar da ido ke gani in ka leƙa) digiri 66, da kamfanoni irin su Svbony ke sayarwa.

Wajen girmama abu dai ba wanda ya fi wani. Raba 650 da 6, ninki 108 ke nan. Wannan ya isa ka ga ɗamaru biyu masu duhu a jikin Jupita, da watanninta huɗu da Galileo ya hango a 1610, da zoben Zuhal.

Bambancin yana wajen ajiye ido. Plössl tsohon tsari ne, na Simon Plössl na birnin Biyana tun 1860. Gilasai huɗu ne kawai a cikinsa, shi ya sa hotonsa tas yake, ba ya watsa haske. Amma na milimita 6 sai ka kai ido kusan milimita 4 daga gilashin kafin ka ga filin duka. Gashin ido ya riƙa gogarsa yana barin maiƙo, ido ya yi ta ƙwalla, mai tabarau kuwa dole ya cire. Kallon duniyoyi kuma na haƙuri ne, sai ka daɗe kana jiran daƙiƙun da iska za ta lafa hoton ya tsaya. Idon da ya gaji ba zai jira ba.

Mai digiri 66 yana barinka ka ja baya fiye da santimita guda. Filinsa kuma ya fi digiri 50 na Plössl, abin da ke da amfani in da hannu kake tura madubin: a Plössl Jupita na ƙetare filin cikin ƙasa da minti biyu, a wannan kuwa ta kusa biyu da rabi. Aibinsa: ido na kaucewa tsakiya, sai wani baƙin tabo mai siffar wake ya rufe gefe guda, musamman in kana kallon wata. Da sabo ake shawo kansa.

Ni mai digiri 66 zan ce ka saya. In kuwa tsabtar hoton Plössl ce ta ja ka, ɗauki na milimita 12 ka haɗa da Barlow (ƙarin gilashin da ke ƙara girmamawa) mai ninki biyu, ka sami 108 ɗin nan ba tare da matse ido ba.

Kada kwali ya ruɗe ka da alkawarin ninki 500. Iyakar madubinka kusan 260 ne, wato faɗinsa sau biyu, kuma da wuya iska ta bari ka kai can. Ka duba bakin da ake zura gilashin leƙawa a madubin ko inci 1.25 ne kafin ka biya. Ka kuma guji leƙe ta saman rufin kwano da magariba, don zafin da yake fitarwa na sa hoton rawa, kowane gilashi ka sa.