Foyil ko tef na tagulla?

A Aboabo, nan Kumasi, yara kan naɗa katin takarda mai ƙwan LED da ƙaramin batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3: ka buɗe ya kama, ka rufe ya mutu. To, da me za a ja hanyar wutar?

Foyil na kicin arha ne, ko a kasuwar Kejetia ka samu, amma sai an manna shi, kuma dalma ba ta kama shi. Tef na tagulla da gam ɗinsa yake zuwa, yana karɓar dalma, sai dai tsada. Gam ɗin wani tef ɗin ba ya ba wuta hanya, shi ya sa a kwana lanƙwasa shi ake yi, ba a yankewa. A wurin naɗi kuwa, foyil ya fi saurin tsagewa.

Ni dai gwajin farko foyil nake ba su.