Sharhi kan saitin bakunan nutsar da kan sukuru masu digiri 90

Saitin da zan yi magana a kansa bakuna shida ne a cikin ɗan akwatin ƙarfe, irin waɗanda ake buɗa bakin huda da su ya koma kamar mazurari, domin kan sukuru ya nutse ya yi daidai da fuskar ƙarfe. Kowane ɗaya kaifi uku gare shi, kusurwarsa digiri 90, kuma bisa ma'aunin Jamus na DIN 335 aka ƙera su. Ƙaraminsu milimita 6.3 ne, sai 8.3, da 10.4, da 12.4, da 16.5, babban kuma 20.5, wato sun ɗauki sukuru daga M3 har zuwa M10 (lambar tana nuna kaurin sukuru ne a milimita). Ƙarfensu HSS ne, wato ƙarfen yanka mai jure gudu, mai kobal kashi 5 cikin 100, wanda ake kira M35. Na jima ina aiki da su a kan baƙin ƙarfe, da alminiyom, da ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Kaya ne masu nagarta, sai dai ba sa son gaggawa ko kaɗan, kuma duk wanda ya saye su yana zaton su kaɗai za su gama masa aiki zai sha mamaki.

Bari in fara da abin da ya fi sa mutane zagin irin waɗannan bakuna, wato karkarwa. Kana saukar da baki a kan huda sai ka ji inji ya fara ƙara mai kaɗa haƙori, ƙarfen yana rawa a ƙarƙashin hannunka. Idan ka ɗaga ka duba, maimakon zagaye mai santsi sai ka tarar da bakin hudar ya yi gaɓa-gaɓa, yana da 'yan kusurwoyi da tudu da kwari, in ka shafa da farce za ka ji yana tsalle. Sukurun da ya zauna a irin wannan wuri a kan tudun kawai ya dogara, ba a kan dukkan zagayen ba.

Laifin ba na bakin ba ne yawanci, na gudun inji ne. Bakin huda na yau da kullum da tsininsa yake ci, wannan kuwa da tsawon kaifinsa gaba ɗaya yake kama ƙarfe, kuma yana ƙara nutsewa faɗin da yake ci yana ƙaruwa. Don haka da wuri mafi faɗi ake lissafin gudu. Ɗauki na milimita 16.5 a kan baƙin ƙarfe: in kana son gefensa ya riƙa tafiyar mita 12 a minti, juyi kusan 230 kacal ake bukata. Mutane da yawa kuwa suna gama huda da ƙaramin baki a juyi dubu ko fiye, sai su sauya baki kawai su bar inji yadda yake. Ni da na sauke gudu, na ɗaure aikin tam a kan teburin inji, na ɗiga man yanka, na kuma danna da ƙarfi ba tare da shakka ba, sai na ga ɓarɓashi yana fita a nannaɗe, bakin hudar yana sheƙi. Dannawar nan tana da muhimmanci. In ka bar baki yana shafar ƙarfe ba ya ci, zafi kawai yake tarawa, kuma ƙarfen da ba ya tsatsa yana da halin taurarewa a daidai inda aka goge shi, daga nan sai kaifi ya mutu. A nan ne na ga amfanin kobal ɗin, domin ya jure zafin da HSS zalla ba ya jurewa.

A injin huda na tsaye ne suka fi nuna kyansu. A na hannu sai a hankali, saboda hannu ba ya tsayawa cak, ga kuma ƙotarsu zagayayya ce, manyan biyun kan zame a bakin inji in ci ya yi nauyi. Da masu ƙerawa sun sassaƙe gefen ƙotar ya zama fuska uku, da sun kyauta.

Sai maganar kusurwa, wadda ita ce nake roƙon duk mai saye ya tsaya ya duba kafin ya biya. Sukurun awon milimita digiri 90 ne kansa, shi ya sa saitin nan ya dace da shi. Sukurun Amurka na awon inci kuwa digiri 82 ne, masu aikin jirgin sama kuma da digiri 100 suka fi aiki saboda falankin jikin jirgi ba shi da kauri. Bambancin digiri 8 kamar ba komai ba ne a ido, amma ka jefa sukuru mai 82 a ramin 90 ka haska fitila: can ƙasa kusa da wuya kawai ya taɓa, sama kuma ga siririyar tazara ta kewaye kan. Duk nauyin ɗaurin ya taru a wuri ɗaya, kuma inda akwai jijjiga bai cika daɗewa bai saki ba. In aikinka na gyaran injinan Amurka ne, wannan saiti ba naka ba ne, nemi mai 82.

Ko a cikin na milimita ma akwai wani abu da takardar cikin akwatin ba ta faɗa ba. Girman bakunan ya dace da tsohon ma'aunin DIN 7991, inda kan M6 yake da faɗin milimita 12, don haka bakin 12.4 ya wadatar. Ma'aunin ISO 10642 da ya gaje shi ya ƙara wa kan faɗi, a rubuce har 13.44. Irin wannan sukuru in ka yi masa rami da 12.4 zai iya ɗan ɗago kai. Abin da nake yi shi ne in ɗauki na 16.5, in saita abin tsayar da zurfi na inji, in gwada a guntun ƙarfe da ainihin sukurun da zan ɗaura, sannan in shafa ɗan yatsa a kai. Yatsa ya fi ido gane kan da ya ɗago.

A kan alminiyom ban ji daɗinsu sosai ba. Alminiyom yana da danƙo, yana manne wa kaifi, kuma da zarar ya manne sai baki ya daina yanka ya koma yaga, fuskar rami ta yi kaushi. Dole in riƙa tsayawa ina goge kwaroron da ke tsakanin kaifi da kaifi da buroshin tagulla, wanda ba ya cutar da kaifi, ina kuma ƙara mai. Don irin wannan aiki na fi son ɗayan nau'in, mai huda guda a karkace ta tsakiyarsa, wanda gefen hudar ne kaifinsa. Ɓarɓashi ta cikin hudar yake ficewa, kuma ba ya karkarwa kamar mai kaifi uku. Ba ya cikin saitin, daban na saye shi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Kada kuma a haɗa su da bol mai kan gwangwani da ake ɗaurewa da alanki. Shi rami mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yake so. Kan M6 na irinsa faɗin milimita 10 ne, tsayi 6, ana yi masa rami mai faɗin 11 da wani baki daban mai ɗan jagora a tsininsa.

Yanzu tsabtar huda, wadda ita ce rabin aikin da ake rainawa. Baki ya gyara sama, amma ta bayan ƙarfen, inda bakin huda ya ɓulla, akwai tsini-tsini masu kaifi da suka tashi. Waɗannan suna yanka hannu, kuma in za a haɗa falanki biyu suna hana su mannuwa, sai ka ɗaure tam yau, gobe tsinin ya kwanta ɗaurin ya yi sako-sako. Taɓawa ɗaya da babban bakin, ko da hannu ka juya shi, tana ɗauke su. Inda inji ba ya kaiwa ina amfani da 'yar wuƙar nan mai lanƙwasasshen baki da ke juyawa a kan ƙota, zagaye ɗaya ta share gefen.

Hudar da ba ta ɓulla ba ita ce mai wahala, domin duk ɓarɓashin da bakin ya yanko cikinta yake zuba. Shi ya sa nake buɗa bakin huda kafin in yanka tiredi, wato zaren da bol ke bi a cikin huda: abin yanka tiredin ya fi shiga a miƙe, kuma zaren farko ba ya lalacewa. Bayan nan sai in busa iskar kwamfaresa ta siririn bututu da ya kai har ƙasa, da tabarau a idona da tsumma a bakin hudar, domin ɓarɓashin da ƙarfi yake fitowa. Maganaɗisu na taimakawa a baƙin ƙarfe, amma ba ya ɗaukar alminiyom. Dalilin wannan wahala shi ne, bol ɗin da ya tokari tarin ɓarɓashi zai yi maka tauri a hannu kamar ya ɗauru, alhali kansa bai danne komai ba. Mai ma haka ne. In ya taru a ƙasan huda, ba shi da inda zai bi kuma ba ya matsuwa, ɗaure bol a kansa na iya tsaga ƙarfen zubi.

Wajen ƙarko, na 6.3 ne ya fara dakushewa, sauran har yanzu suna ci. Rubutun girman da ke jikin ƙota ya soma gogewa da wuri, abin da ya sa nake mayar da kowanne gurbinsa a akwati da zarar na gama, wanda hakan kuma ke hana kaifinsu karo da juna. In ɗaya ya dakushe, da ɗan siririn dutsen wasi nake bin fuskar cikin kwaroron, sau daidai a kowane kaifi, ba na taɓa bayansa, domin in kaifi ɗaya ya fi sauran tsawo shi kaɗai zai riƙa ci, karkarwa ta dawo. Ƙaramin kuwa ya yi ƙanƙanta da wasi, gara a sayi guda ɗaya a cike gurbinsa.